Wayar da Ke Cikin Kaina

Na ji abin da ake faɗa a gidan nan da gidajen dangi: wai 'yar'uwarku Zulai ce ta ɗauke ni ta kai wa Turawa suka yi gwaji da kaina, ta dawo muku da uwa mai nauyin baki. Har jikoki sun haddace, domin kwanaki na ji 'yar wajen yayanku Abba tana ba ƙawarta labarin a tsakar gida, ba ta san ina bayan labule ba. Na sha yunƙurin gyara maganar, amma harshena ya yi nauyi, ku kuma ba ku da haƙurin jira in kai aya. Kafin in haɗa kalma uku, wani ya ƙarasa mini da abin da shi yake so in ce. To ga shi a rubuce. A nan babu mai katse ni.

Kun san sana'ata. Tun mahaifinku na da rai, yana sayar da ƙarfe da ƙusa a Ƙofar Ruwa, nake yin alkaki da dubulan da nakiya a gidanmu na Dala, kuma da wuya a kai garar amarya a lungunanmu ba ta bi ta kaskona ba. Rawar ta fara ne a hannun dama, 'yar kaɗan, sai na ɗaga ludayi nake jin ta. Na ce gajiya ce. Ta yi shekaru tana ƙaruwa har ta kama na hagu, ta kai ba na iya naɗa alkaki ya fito da kyau. Ranar da matsami ya kuɓuce mini cikin mai ya fallatso mini a ƙafa, ranar na sauke kasko. Amma ba rashin sana'ar ne ya fi ci mini rai ba. Shan ruwa ne. Mace da jikokinta ta ɗauki kofi, kafin ya kai baki rabi ya zube a zani. Na daina cin abinci a gidan biki, daga baya na daina zuwa bikin gaba ɗaya. Carbi ya daina zama a hannuna. Da matar Abba ta haihu aka miƙo mini jaririn, na ga yadda uwar ta tallafe shi ta ƙasa ba ta saki ba, tana murmushi don kada in gane. Na gane. Ba ta yi laifi ba, ni ma da nawa ne haka zan yi.

An yi rubutu, an yi tofi, an kawo sassaƙe daga ƙauye. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce wata abokiyar sana'a ce ta yi mini jifa. A asibiti aka ba ni ƙwayoyi, da farko suka yi aiki, daga baya sai barci kawai suke sa ni. A ƙarshe aka haɗa ni da wani likitan ƙwaƙwalwa a nan Kano, sa'an Abba ne amma mai natsuwa. Shi ya fara yi mini bayani kamar mai hankali yake yi wa. Ya ce ciwon ba a hannu yake ba, akwai wani ɗan wuri can tsakiyar ƙwaƙwalwa da yake aiko da rawar. Ya ce akwai aikin da ake yi: a zura siririyar waya har wurin, a haɗa ta da ɗan batir da ake binnewa a ƙirji ƙarƙashin fata, wutar da ke fita daga wayar ta kwantar da rawar. Na fara sa rai. Sai ya ɗora hoton kaina a bango ya nuna mini wani ƙulli na jijiyoyin jini da na zo duniya da shi ban sani ba, yana zaune daidai kan hanyar. Ya ce abin da ake zura wayar da shi miƙaƙƙe ne kamar ƙusa, ba ya lanƙwasa, in ya bi ta nan zai huda jijiyar, kuma babu likitan kirki da zai yarda ya taɓa ni. Na yi masa godiya, na dawo gida na shiga ɗaki.

Zulai tana aikin jinya a Turai a lokacin, kamar yadda take har yau. Ni na ce a tura mata hoton, ba ita ta nema ba. Ku riƙe wannan. Bayan 'yan watanni ta kira ni, tana magana tana ja da baya, ta ce ta ji labarin wasu likitoci da ke gwada wata sabuwar hanya saboda masu irin matsalata. Wayarsu laushi gare ta kamar dafaffiyar taliya, a bakinta akwai ɗan maganaɗisu da bai fi ƙwayar riɗi ba. A wajen kai kuma akwai manyan maganaɗisu da na'ura ke juyawa. Likita na tura wayar a hankali, maganaɗisun waje na karkata bakinta dama ko hagu, ta bi lungu ta zagaye jijiyar jini maimakon ta huda ta. Ta ce har yanzu gwaji ne, mutanen da aka yi wa kaɗan ne, kuma masu binciken ne za su ɗauki nauyin komai. Ta ce ta yi ta tunanin ko ta ɓoye mini, amma ta ga ba ta da hurumin ɓoyewa. Na ce ta kyauta. Na yi istihara, na je da ƙafata wajen malamarmu ta Islamiyya na tambaya, ta ce neman magani ba ya karo da dogaro ga Allah. Daga nan na ce zan tafi.

Sai aka kira taro a kaina ba tare da ni ba. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baffanku Alhaji Sule ya zo, Abba ya tara ƙannensa maza, suka zauna a zaure. Ina ɗaki ina jin muryoyi. Ba zan ce tsoron Abba na banza ba ne, domin a cikin ƙarfe ya girma. Mahaifinku yana da wani ƙaton maganaɗisu da aka ciro daga lasifika, da shi ake tsince ƙusa a ƙasan shago, kuma ya taɓa matse wa Abba yatsa da guntun rodi har farce ya fita. Na ji yana cewa shi ya san ƙarfin abin nan, ba ya tambaya, fizga kawai yake yi, ta yaya za a sa shi kusa da ƙwaƙwalwar mahaifiyarsa. Baffanku ya ce abin da ya fi damunsa shi ne kyautar, me ya sa Bature zai yi maka aiki irin wannan bai karɓi komai ba. Ya tuna musu yaran garin nan da aka taɓa gwada wa magani, abin da har yau mutanen Kano ba su manta ba. Duk na ji, kuma duk akwai gaskiya a ciki. Abin da ban ji ba shi ne wani ya ce a kira ni a tambaye ni. Na yafa mayafi na fito na tsaya a bakin zaure.

"Alhaji, ina wuni," na ce. "Na ji ana maganar kai. Na zo in ji kan wa ake nufi."

"Hajiya, maslaha muke nema miki," in ji Baffanku. "Shekarunki sun ja. Ki yi haƙuri da abin da Allah ya ɗora miki, ga yara suna yi miki komai."

"Shi ne abin da na gaji da shi," na ce. "A ba ni a baki, a ɗaura mini zani, a riƙe mini kofi. Wanda ya ɗora mini ciwon shi ya nuna mini inda magani yake. Ban zo neman izini ba, addu'a nake nema."

Baffanku ya tashi ya kaɗe riga ya fita ba sallama. Abba bai ɗago kai ba. Washegari na buɗe akwati in ɗauko fasfona da na yi Umra da shi, na tarar ba ya nan. Ban tambayi kowa ba. Na san wanda ya ɗauka, na kuma san inda yake ajiye abin da ba ya so a gani.

Duk zamana da mahaifinku ban taɓa taka shagonsa ba, haka aka san matan gidanmu. Ranar na sa hijabi da hantsi, na fita bakin titi na tare adaidaita sahu, na ce Ƙofar Ruwa. Sai da na yi tambaya kafin na gane shagon. Abba yana tsaye yana ciniki da wasu magina, da ya hango ni sai ya dakata da cinikin. Na wuce na zauna a kan bencin baƙi. Maƙwabtansa, waɗanda yawancinsu yaran mahaifinku ne a da, suka yi ta zuwa suna durƙusawa, Hajiya lafiya, Hajiya me ya fito da ke. Na ce lafiya lau, ƙishirwa nake ji. Wani dattijo mai sayar da kwanon rufi ya kawo mini ruwa a kofin silba, ya cika shi. Na sa hannu biyu na karɓa. Shekara da shekaru ina ɓuya a ɗaki don kada a ga yadda nake sha, ranar na sha a tsakiyar kasuwa. Kofin yana bugun haƙorana, ruwan yana zuba a hijabi, yana gangarowa har ƙafa, maza suna tsaye suna sunkuyar da kai. Ban yi sauri ba. Da na gama na miƙa kofin na yi godiya. Abba ya matso ya durƙusa, idonsa ya yi ja.

"Umma, don girman Allah mu je gida."

"Ba ni fasfona sai mu je."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya shiga ciki ya buɗe durowa ya kawo mini. Yana sa mini a jaka ya ce a hankali, in wani abu ya same ni ba zai taɓa yafe wa Zulai ba. Na ce masa ya duba da kyau, ba Zulai ce ta zo Ƙofar Ruwa ba.

A can Turai na tarar da sanyin da ban san akwai irinsa ba, da wata likita mace, gajera mai furfura, ita ce shugabar aikin. Ba su yarda Zulai ta yi mini tafinta ba, suka ce 'ya tana iya sassauta wa uwa magana. Suka haɗa ni da wani mutumin Damagaram ta allon talabijin, Hausarsa tsab. Ta bakinsa likitar ta gaya mini komai ba ɓoye-ɓoye: jini zai iya zuba a ƙwaƙwalwa, gefe ɗaya zai iya shanyewa, magana za ta iya lalacewa, zan iya mutuwa, kuma akwai abin da su kansu ba su sani ba tukuna, shi ya sa ake kiransa gwaji. Ta ce gefe ɗaya kawai za su yi, wanda ke juya hannun dama. Ta ce ina da damar fasawa ko da an kwantar da ni a kan gado. Na sa aka maimaita mini, na yi tambayoyina, aka amsa. Ga kuma abin da babu wanda ya sani a cikinku, domin Zulai ba za ta faɗa ba. Da safen da za a shiga da ni, an riga an aske mini kai, Zulai ta durƙusa a gefen gado ta riƙe ƙafata tana kuka.

"Umma, mu koma gida," ta ce. "Da ban gaya miki ba. Na ga irin waɗanda ake fitowa da su. Zan ajiye aikina in dawo Kano in riƙa ba ki a baki har ƙarshen rayuwata."

"Ba na so," na ce. "Tashi ki ɗaura mini ɗankwali, kada maza su ga kaina kafin lokaci."

Wannan ita ce yarinyar da kuke cewa ta kai ni an yi gwaji.

Aka cire mini 'yan kunne da zobe da duk wani ƙarfe. Har haƙorin Makkana sai da aka yi shawara a kansa, aka duba aka ce maganaɗisu ba ya jan irinsa. Idona biyu aka yi aikin, domin suna so su riƙa yi mini magana. Aka ɗaure kaina a wani ƙarfe yadda ko motsi ba zai yi ba, aka kashe fatar da allura. Hudar ƙashin ce ta fi ba ni tsoro, ƙararta kamar injin markaɗe ne aka tayar a cikin kunnena. Bayan ta ban ji zafi ba. A gefen kaina dama da hagu akwai manyan maganaɗisu biyu farare, kowanne ya kai tukunyar biki, suna kan hannuwan ƙarfe. Suka fara motsi a hankali, wannan ya ɗan ɗaga, wancan ya ɗan koma baya. Na tuna yatsan Abba, na jira in ji an fizge ni. Ban ji komai ba. Likitar tana kallon allo tana tura wayar kaɗan-kaɗan, mutumin Damagaram yana gaya mini, Hajiya yanzu an kusa jijiyar, Hajiya yanzu ana zagaya ta. Ni kuma ina salati. Can ya ce an wuce. Suka sa mini kofi ba ruwa a hannun dama suka ce in kai baki. Hannun ya kama rawarsa kamar kullum. Likitar ta ce wani abu, wani ya taɓa na'ura, na ji wani ɗan yar a leɓena, sai hannun ya tsaya. Cak. Na kalle shi kamar na wata. Na kai kofin baki, na sauke, na sake kaiwa. Babu wanda ya ce in sake, ni ce na kasa dainawa.

Ba zan ɓoye abin da na biya ba. Da na farka daga barcin da aka sa ni don dasa batirin, na buɗe baki in kira Zulai, sai harshen ya ƙi tashi. Likitar ta zo da kanta ta zauna, ta ce ɗan jini ya tsattsafa a kusa da inda wayar ta tsaya, wurin kuma maƙwabcin mai juya harshe ne. Ta ce wani abu zai dawo, ba ta yi alkawarin duka ba. Haka aka yi. Na koyi magana kamar yaro, rabi ya dawo, rabi ya tafi. Hannun hagu yana rawarsa har yau, kuma ba za a taɓa shi ba don kada sauran maganar ta tafi. Ni da nake rangaɗa guɗa a ji ni har bayan layi, yanzu a waya sai an ce in maimaita. Abin da ya fi yi mini ciwo karatu ne. Akwai haruffan da ba sa fita yadda na koye su a gaban malam, in na zo kansu a salla sai in ji hawaye. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, Shi ya san abin da nake nufi.

Da na dawo gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Suna jin maganata sai fuska ta canza, a koma gefe ana Allah sarki. Babu wanda ya kalli hannun. Baffanku ya zo, ya zauna, ya saurare ni, ya girgiza kai ya ce da an ji magana da ba a kai ga haka ba. Na ɗaga hannun dama na ce kowa ya tsaya. Na daɗe kafin na haɗa maganar, ɗaya daga cikinku ya yunƙura zai taya ni, na harare shi ya koma.

"Alhaji," na ce, "an gaya mini... zai iya faruwa. Na ji. Na yarda. Ko gobe... aka mayar da ni ranar... zan sake shiga."

Bai ƙara tayar da maganar a gabana ba. A bayana kuwa aka juya ta kan Zulai. Abba ya daina ɗaukar wayarta, sauran suka bi sahunsa, matanku suka ɗauka suka kai gidajen suna. Yarinyar da ba ta taɓa fashin zuwa Sallah ba ta daina zuwa, sai dai ta kira ni ta ce aiki ya yi yawa. Na san ba aiki ba ne. Na koma kan kaskona, ina cin tuwona da hannuna, ina jan carbina, amma gidana ya rabu biyu, kuma wannan ya fi nauyin harshe nauyi.

Watan da ya wuce, bayan la'asar, Abba ya yi sallama a ƙofar ɗakina. Ya zauna a bakin tabarma ya gaishe ni. Na lura tun shigowarsa hannun damansa na cikin aljihu. Can ya zaro shi ya ɗora a kan gwiwa, ya buɗe tafin. Yatsun suna rawa, 'yar kaɗan, irin wadda sai wanda ya san ta yake gani. Likitar can ta taɓa gaya mini abin yana bin jini, na roƙi Allah ya tsaya a kaina. Ya ce ya kusa shekara yana ɓoyewa, ko matarsa ba ta sani ba. Ya ce yanzu in zai ƙirga ƙusa sai ya juya wa mai saye baya. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Shi ya ce in sa wannan a rubutun, don ƙannensa su ji daga gare ni.

"Umma, da zafi?" ya ce.

Na gaya masa gaskiya, daga hudar ƙashi har harshe, ban rage ba ban ƙara ba. Na ce nasa bai kai ko'ina ba, wataƙila ƙwaya ta riƙe shi shekaru, wataƙila ma ba ya buƙatar maganaɗisu. Ya tambaye ni me nake gani ya kamata ya yi. Na ce ba zan tara kowa a zaure a kansa ba, kuma ba zan zaɓa masa ba. Amma akwai wadda ta fi ni sanin likitocin da zai tambaya, yana da lambarta.

Ya ciro wayarsa. Yatsan yana zamewa, ya danna ba daidai ba, ya goge, ya sake. Ya ɗago ya kalle ni, na ga yana so in karɓa in kira masa Zulai, in fara yi masa shimfiɗa. Hannuna na dama yana kan cinyata lafiya lau, da zan iya. Na bar shi a inda yake. Ya sake dannawa, ya kai kunne. Daga inda nake zaune na ji ta ɗauka, sannan na ji muryarta ƙasa-ƙasa tana cewa, "Yaya?"